Naushin da Kawu Jatau Ya Hana Ni

Kawu Jatau ba ya amsa gaisuwa sai ya taɓa haɓar mutum. Ku da kuka riske shi a rumfar mahauta ta kasuwar Makarfi kun san ban ƙara gishiri ba. Ka durƙusa kana "Kawu, ina wuni," shi kuwa ya miƙo yatsu biyu ya kama muƙamuƙinka, ya juya dama, ya juya hagu, kamar mai taya rago ana jibi Sallah. Sai ya gama sannan ya ce, "Lafiya lau. Wannan haɓar ba za ta kai turmi biyu a dambe ba." Limamin unguwarmu kaɗai aka yi wa alfarma, shi aka ce gemu ya rufa wa tasa asiri.

Yayan mahaifiyata ne, mahauci, kuma ɗan dambe bahago a zamanin ƙuruciyarsa. Lokacin da Turawa suka naɗe tabarmarsu ya riga ya bar shiga fili, sai koyarwa a gindin tsamiyar bayan gidansa a Gazara, in an gama girbi. Ni kuwa na yi boko har aji huɗu, saboda haka ina da ikon yin sharhi a kan tsarin karatun makarantarsa. Tsarin gajere ne. Ranar da ka zo, kafin a nuna maka tsayuwa, kafin a nuna maka yadda ake kare fuska, Kawu zai naɗa zare a hagunsa ya ba ka guda ɗaya. Na gaske, ba na wasan yara ba. In kana da ladabi a ƙirji, in ka cika baki a haɓa. Shi da kansa yake yi, ba ya ba kowa wannan aikin.

"Ba faɗuwa nake dubawa ba," in ji shi. "Kowa na faɗuwa. Wanda ya dawo washegari, shi ne nawa."

Bayan naushin akan ba ka mazarƙwaila ta lallashi, gwargwadon farcen ɗan yatsa. Wani ya taɓa cewa, "Baba, wannan ai ko ƙuda ya raina ta."

Ya ce, "Bakin da ya kumbura, ina zai kai babba?"

Akwai Ilu na Dandamisa, ƙato, mai ɗaukar damin rake biyu a ka yana waƙa. Ya zo da hantsi yana taku ɗai-ɗai, ya ce, "Baba, ni ba dogon karatu na zo ba. A nuna mini yadda ake kayar da mutum a turmin farko."

Kawu ya ce, "Madalla. Tsaya nan ka gani."

Dum! Ilu ya zauna daɓas. Ya dubi tsamiya, ya dube mu, ya ce, "Jama'a, an yi la'asar?"

Kawu ya ce, "An yi, har an shafa."

Ilu bai sake bin hanyar Gazara ba. Ya kama sayar da goro, ya yi arziki, ya tsufa da haƙoransa cif. Duk ranar kasuwa in Kawu ya hango shi sai ya nuna shi da wuƙar fawa ya ce, "Kun ga wancan? Duk cikin ɗalibaina babu mai kaifin kansa. Rana ɗaya ya yi sauka."

Ba kowa ya yarda da wannan tsari ba. A Kudan akwai Audu Dogo, abokin karawar Kawu na dā, shi ma yana koyarwa. Shi a wurinsa sabon shiga sai ya yi wata guda yana dukan buhun ƙaiƙayi kafin hannun ɗan Adam ya taɓa shi. In suka haɗu a kasuwa, sai masu tsire su rage wuta don su ji da kyau.

Audu ya ce, "Jatau, kai ba koyarwa kake ba, kora kake. Goma su zo maka, uku su rage. A cikin bakwai ɗin nan wa ya san gwanin da ka zubar? Ɗan akuya ma sai ƙaho ya fito ake barinsa karo."

Kawu ya ce, "Kai goma su zo maka goma su rage, ranar dambe goma su kwanta a jere kamar an shanya dawa. Yaron da bai taɓa sha ba, da ya ga hannu sai ya rufe ido."

"To a raba gardama!"

"A raba!"

Wallahi suka naɗa zare, tsofaffi biyu, aka buɗe musu fili a bayan 'yan rake. Mai kalangu ya zo a guje. Suka yi ta zagaya juna, wannan ya yi kuri, wancan ya yi tsalle rabi. Babu wanda ya kai hannu. Can sai Audu ya ce, "Jatau, gwiwar nan taka har yanzu?" Kawu ya ce, "Bari kawai, tun damina." Suka zauna a kan damin rake suka raba goro ɗaya. Gardamar tana nan yadda suka bar ta.

Har hukuma ta sa baki. Wani malamin asibiti daga Ikara, mai zuwa a keke yana yi wa yara lambar agana, ya gaji da shafa wa samarin Gazara maganin aidin a rauni. Ya zo ya cire hula ya ce, "Baba, yanzu mulki namu ne, zamani ya canja. A riƙa bin yaran nan a hankali."

Kawu ya taɓa masa haɓa tukuna, sannan ya ce, "Malam, lambar nan da kake yi, ba ciwon ne kake sa musu kaɗan don kada babbansa ya kashe su ba?"

"Haka ne, Baba."

"To ni ma lamba nake yi."

Malamin ya mayar da hularsa. Sai da ya hau kekensa ya yi nisa sannan ya waiwayo ya ce, "Amma tawa ba ta cire haƙori!"

To, ku da kuke dariya, ga nawa rabon. Ina da shekara kusan ashirin na je gindin tsamiya na tuɓe riga. Ba abin da nake so a duniya irin a ce ni ma yaron Jatau ne, in shiga fili a yi mini kiɗa. Kawu ya naɗa zare, ya gyara ƙafa, ya ja hannu baya. Na tsaya ina dubansa. Sai ya sauke hannun ya ce zaren ya jiƙe, in dawo gobe.

Na dawo, ya ce yau Juma'a. Na dawo, ya ce ya ci tuwo da yawa. Na dawo, ya ce bai ga dalilin da zai ɓata naushi mai kyau a kan ɗan boko ba. Kaka uku ina tuɓe riga ina mayarwa. Waɗanda suka zo bayana suka sha nasu, suka kumbura, suka warke, suka shiga fili. Ni aka sa mini suna Sai Gobe, har matata ta farko da shi ta san ni. Na roƙi manyan yaransa su taimaka su nausa ni, suka ce Kawu ya rantse duk wanda ya taɓa ni ya bar gidansa. Na ce to zan tafi Kudan wurin Audu. Kawu ya ce, "Je ka. Amma in ka daki buhu, kada ka ƙara kirana Kawu."

A damina ta huɗu ciwo ya kwantar da shi. Na je da hantsi na same shi a zaure, hagun nan da ake tsoro ta koma kamar sillen kara. Na ce, "Kawu, don girman Allah, me na yi maka? Raina ni ka yi?"

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ambaci sunan Inna, wanda ba zan rubuta ba. Ta rasu tun ban yi wayo ba, ban riƙe fuskarta ba.

Ya ce, "Muna yara na taɓa marinta a kan gaɓar rake. Ba ta yi kuka ba, ta dai tsaya tana dubana. Haka kake dubana in na ja hannu. Idon nata ne sak, ja'iri."

Na ce, "Ai da ka faɗa, da na rufe idon."

"Da ka rufe, da na kore ka."

Sai ya ce in matso. Ya dunƙule hannun da ƙyar, babu zare, ya ɗora mini a ƙirji. Ko ƙwai ba zai fashe ba. Ni kuwa na zube ƙasa warwas, har da shure-shure.

Ya ce, "Tashi, makaryaci! Ko ɗan tsako ba zai faɗi da wannan ba." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Bai ga girbin shekarar ba, ni kuma ban taɓa shiga fili ba. Yaran yanzu masu koyon dambe da safar hannu sukan tambaye ni ko daidai ne a daki sabon shiga tun ranar farko. Nakan gyara zama in yi musu dogon bayani irin na masana, alhali ban sani ba. Abin da na sani, sa'o'ina da suka sha nasa, har suka tsufa in an ambace shi sai ka ga sun kai hannu suna shafa wurin suna murmushi. Ni ba ni da wurin shafawa.

Allah ya jiƙan Kawu Jatau. Allah ya sa ranarsa ta farko a can ba a karɓe shi irin karɓar da yake yi wa mutane ba. Ya sa da rahama aka tarye shi, ya haɗa shi da ƙanwarsa a inuwa ɗaya. Amin.