Ɗigon Dalmar da Lindsay Ya Gyara

Mijina Lindsay McAuslan bai iya ganin abu ya lalace ya wuce ba. Shekara arba'in da uku ke nan muna zaune a Port Chalmers, ɗan garin bakin teku kusa da birnin Dunedin, kuma a cikinsu ban taɓa samun ƙofa mai ƙara ko famfo mai ɗiga da zan yi ƙorafi a kai ba, sai dai shi kansa. In muka je cin abinci gidan mutane, kafin a kawo shayi ya shige ƙarƙashin tebur yana ɗaure musu ƙafar kujera. Ya taɓa sauke agogon bango a wurin likitan haƙori ya gyara yana jiran layi, ba wanda ya sa shi.

Aikin wayar tarho ya yi har ya yi ritaya, daga nan ya tare a shagonsa na katako da ke ƙarshen lambunmu, yana gyaran rediyo da sifika. Duk abin da ya gyara sai ya rubuta harufan sunansa da kwanan wata da fensir a cikin murfin. Ya ce in aikin ya lalace a san wanda za a zaga. Har yau yana taƙama ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

Abin da bai iya ba shi ne magana. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce aka yi mini aikin zuciya a Dunedin, awa biyar ina hannun likitoci. Da na farfaɗo na same shi a kujera da jarida, yana cike wasan kalmomi. Abin da ya fara ce mini shi ne ya sha wuyar samun wurin ajiye mota. Ban manta ba, ban kuma yafe ba. Duk faɗan da muka yi tun daga lokacin, ko a kan gishirin miya ne, wannan jaridar na ciki.

To sai ga yaran nan masu jita. Dunedin ba ta taɓa rasa su ba, amma na yanzu wasu iri ne. Ba sa rawa, ba sa kallon jama'a. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon ƙananan akwatunan ƙarfe da ya jera a gaban ƙafarsa, yana taka su ɗaya bayan ɗaya, sautin jitar ya kumbura ya cika ɗaki kamar ana tafka ruwa a kan kwano kana cikin bargo. Muryar mai waƙa kuwa tana can ƙasa, ko kalma ɗaya ba ka tsinta. Su suna ce masa kiɗan mafarki. Lindsay yana ce masa rediyon da bai kama tasha ba. Amma akwatunan nan lalacewa suke, kuma shi kaɗai ya rage mai buɗe su a wannan gefen ruwa, don haka lambuna ya zama hanyar masu rigar sanyi mai ɓula.

A cikinsu Hinewai ce tawa. Shekararta ashirin da shida, tana aiki a gidan kula da tsofaffi, tana gaisuwa kamar mutum. Su huɗu ne a ƙungiyarsu, sun sa wa kansu suna Labulen Gishiri, kada ku tambaye ni dalili. Rediyon ɗalibai ya fara sa wata waƙarsu, har wani mai ɗaukar sauti daga Wellington ya ce zai sauko ranar Asabar ya ɗauki faifansu na farko a zauren wata tsohuwar coci. Rana ɗaya tak ya ba su, daga nan zai wuce ƙasar waje.

Ranar Litinin ta zo da wani koren akwati duk ya goge, a shagon gwanjo ta saye shi. Ina shanya, da kunnena na ji.

"Matua," haka take ce masa don girmamawa, "maɓallin da ake takawa ne kawai yake maƙalewa. Shi kaɗai. Don Allah kada ka taɓa komai."

"Na ji."

"Komai fa, Matua."

"Yarinya, tun ba a haifi babanki ba nake wannan aiki."

Sau uku ta faɗa. Ni da na san kayana, na so in ce mata ta ɗauki akwatinta ta gudu, sai na ga ba ruwana.

Ranar Talata ya shigo cin abincin rana yana fito. In Lindsay na fito, to ya yi wa wani katsalandan. Ya zauna ya ja farantin gasasshen burodi da cuku.

"Noeline, wani jaki ya taɓa buɗe akwatin yarinyar nan. Ki ga ɗigon dalma kamar kashin tsuntsu, bai ko kama wayar ba. Wanda ya yi wannan a karɓe masa kayan aiki a ba shi tsintsiya."

"Ka taɓa?"

"Na gyara."

"Ta ce kada ka taɓa."

"Ai ba ta san abin da ke ciki ba."

"Kai kuma ka san abin da ke kunnenta, ko?"

Sai ya miƙa hannu ya ɗauki burodina.

Ranar Laraba Hinewai ta zo daga aiki da jitarta, ta haɗa waya, ta taka akwatin, ta kaɗa sau ɗaya. Sauti ya fito garau, sumul. Lindsay ya harɗe hannu yana jiran godiya. Ta sake kaɗawa, sannan ta ɗago.

"Matua, ina karkarwar?"

"Wace karkarwa? Ciwo ne, na warkar."

Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Sai ta zauna a kan gwangwanin fenti ta rungume jitar. Ta ce in ƙara ta yi ƙarfi akwatin yakan ɗan girgiza sautin, kamar muryar wanda ke ƙoƙarin kada ya yi kuka. Ta ce waƙoƙinsu tara a kan wannan suka gina su, shi mutumin Wellington ya ji ya kira, kuma ta nemi irinsa a akwati goma ba ta samu ba. Saura kwana uku. Na dubi mijina, wallahi da akwai kasko a hannuna da na kwaɗa masa.

Kwana biyu yana fama. Ya auna, ya ƙara wannan, ya cire wancan, ya zana lissafi a bayan ambulan. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana korar kuskure, ga shi yana lallashinsa ya dawo. Ranar Alhamis Hinewai ta sake zuwa ta saurara, ido a rufe.

"A'a. Wannan da gangan yake girgiza. Wancan ba da gangan yake yi ba."

"Yarinya, so kike in yi kuskure da gangan, kuma ya zama ba da gangan ba?"

"Eh."

"Ku yaran nan za ku kashe ni."

"Kai ka fara, Matua."

Ranar Juma'a da safe sanyi ya yi sanyi, ciyawa duk ta yi fari. Na kai masa shayi, ba don ya cancanta ba. Tebur ya cika da tarkace, sai na ɗaga murfin koren akwatin don in sami wurin ajiye kofi. Akwai wani tsohon salatif a cikinsa da ya ɓare gefe ɗaya, na ja shi saboda ya ba ni haushi. A ƙarƙashi ga rubutun fensir, rubutun da na sani tun ina budurwa. L.M., sha huɗu ga Agusta.

Na fara da dariya. "To, ga jakin naka. In kawo tsintsiyar?"

Sai na karanta shekarar, dariyar ta tsaya. Ranar aikina ce.

Ya karɓi murfin ya daɗe yana kallo. Kunnuwansa suka yi ja.

"Ranar da ake yanka ni kana nan kana gyaran kayan kiɗa?"

"Sun ce in tafi, sai bayan awa biyar. Ina zan zauna, Noeline? Na shiga kicin na ga kofinki a kan tebur, na kasa." Ya murza murfin da babban yatsa. "Na zo nan na ɗauki abin da hannuna ya faɗa kai. Ƙarfen narka dalmar bai yi zafi ba, na kasa jira. Hannun kuma ya ƙi tsayawa. Na ga bai yi ba, na rufe shi haka."

"Da ka zo kuma sai jarida."

"Jaridar ta ba hannun abin riƙewa."

Shekara goma sha ɗaya! Na so in zage shi, na so in riƙe shi, na rasa wanda zan fara. Shi kuwa ya riga ya zare wayar ƙarfen narka dalma daga bango, yana jira ya huce.

"Ɗauki kwat ɗinki ki fita."

"In fita ina? Gidana ne."

"Ki tafi ko'ina. Ki ɗauki jakarki, ki rufe ƙofa. In kina tsaye a nan ba zai yiwu ba."

"Don me?"

Bai dube ni ba. "Don ranar ba kya nan."

Na fita. Na gangara bakin ruwa na zauna ina kallon ana loda gungumen itace a jirgi, iska na yanka mini fuska, ina ta masifa ni kaɗai har wata mata mai kare ta canja hanya. Na sha shayi biyu a wurin da ba su iya shayi ba. Da tsakar rana na hauro, na ga motar Hinewai a bakin ƙofa, kuma tun daga kan titi na ji shi. Ƙara ce mai cika kunne, irin wadda nake rufe taga saboda ita, amma a tsakiyarta akwai wani abu yana rawa kaɗan kaɗan, yana neman faɗuwa, yana riƙe kansa. Na tsaya a wurin shanya na yi kukan da ban yi a asibiti ba.

Hinewai ta fito da gudu ta rungume ni da jita da komai. "Whaea," ta ce, wato Inna a yarensu, "ya dawo! Ban san yadda ya yi ba, ya ƙi faɗa." Lindsay na bayanta, fuskar nan fara fat, yana goge hannu da tsumma. Ya kalle ni sama da ƙasa kamar mai duba ko an dawo da kaya daidai, ya ce na bar fitilar kicin a kunne.

Sun ɗauki faifansu ranar Asabar. Yanzu yana kan firij ɗina kusa da rediyo, nakan sa shi in ina wanke-wanke. Lindsay yakan shigo ya ce har yanzu ba a jin abin da yarinyar ke faɗa, ya miƙa hannu zai murɗa maɓalli. Sai in buge hannun da cokali. Ni ina jin abin da ake faɗa sarai, kuma ba Hinewai ce ke faɗa ba.