Shanu Masu Tsaga Biyu a Kunne

Jiya a Kibiya na tsaya ƙara wa tayar motata iska, don na yi wa yarana alkawarin kai su dajin Falgore kallon namun daji. Ni zan tuƙa, ba ruwana da ɗan jagora.

Sai ga Baffa Jauro, tsohon makiyayi daga Fassi. Na tambaye shi hanyar da ta fi kyau.

Ya dube ni ya ce: "Alhaji, in ka shiga, duba min shanu masu tsaga biyu a kunnen hagu. Nawa ne, can ɓarayi suka kora su. Babban ɗana ya bi sawunsu, har yau shiru."

Na dawo gida Rano. Yara suka tare ni a ƙofa, har sun haɗa kayansu.

Jama'a, me zan ce musu?