Faifan da Baffa Ya Shanya a Rana

Har yau idan na tuna Baffa Sale raina ɓaci yake yi, kuma ba na jin kunyar faɗa. A unguwar Nuzla ta Jidda muka tashi, gidan kwano mai ɗaki biyu. Bayan isha'i kakarmu Iya takan hura gawayi ta ɗora shayi, mu kewaye ta, ta ce ga ta nan. Mata na cewa a da babu mai zaƙin murya kamarta, amma ciwon maƙogwaro ya dishe ta. Magana tana fita da kyar, waƙa kuwa halas, ta ƙare. To, tatsuniya babu waƙa ai miya ce babu gishiri.

Babanmu dako yake yi a tashar jiragen ruwa. Wani matuƙi ɗan Japan ya ba shi faifan garmaho, da hoton wata 'yar ƙasarsu mai gajeren gashi a bangon. Jaz ake ce wa kiɗan: ƙaho, fiyano, da ganga a hankali. Muryar matar tana da kauri, tana jan baiti kamar mai rarrashin jariri. Ko kalma ɗaya ba mu ji. Iya ta saurara sau ɗaya ta ce wannan baiwar Allah ta san kewa, ita za ta riƙa yi mata waƙa.

Tatsuniyar ta wata yarinya ce da kogi ya ɗauke ya kai ta ƙasar da ba a jin yarenta. Kullum da yamma takan tsaya a bakin ruwa ta yi waƙa, har uwarta ta ji, ta bi muryar ta ɗauko ta. Idan an zo wurin waƙar, Iya sai ta ɗaga yatsa.

"Yalla, maza, sa allurar garmaho. Ƙawata za ta karɓa."

Sai 'yar Japan ta ɗauka, Iya ta lumshe ido tana motsa leɓe.

Baffa Sale, ƙanen babanmu, shi ya ce muryar mace al'aura ce. Da ya fasa faifan a gaban uwarsa, da na ce aƙalla ba matsoraci ba ne. Ina! Lallaɓawa ya yi ya ɗora shi a kan kwanon rufi da tsakar rana, ranar Jidda. Kafin la'asar ya lanƙwashe kamar ƙosai. Da aka tambaye shi, wai shi bai fasa komai ba, rana ce.

A daren ranar Iya ta fara tatsuniya kamar kullum. Ta zo wurin waƙa, ta ɗaga yatsa, ta sauke. Muka yi ta roƙo ta ƙarasa.

"Uwar ba ta ji komai ba, ta ina za ta bi?" in ji Iya.

Ba ta ƙara yi mana tatsuniya ba har ta rasu. Na daɗe ina zaton faifai ya ɓata mana. Sai da na girma na gane tsohuwa ce ta aro murya daga wata uwa duniya, ɗan cikinta ya ƙwace.

Da Baffa ya tsufa, ya ce in yi wa jikokinsa tatsuniyar Iya. Na yi, tiryan-tiryan, har yarinya ta tsaya a bakin ruwa. Nan na dakata. Yara suka ce sai me ya faru?

"Ku tambayi kakanku," na ce, na ɗauki mayafina.