Sharar Silin Ɗakin Baba

Ranar wata Asabar ce gab da faɗuwar damina, shekarar da na shiga aji shida na firamare, Baba ya jingina tsani a tsakiyar ɗakinsa ya ture murfin silin da tafin hannu. Wani baƙin gari ya zubo masa a hula da kafaɗa, ƙanana-ƙanana kamar shinkafar da ta ƙone a gindin tukunya, wari mai hawa kai ya cika ɗakin. Ya haska tocila ya daɗe yana leƙe, sannan ya ce in miƙo buhu da tsintsiya in biyo shi.

Baba tela ne a bakin hanyar da ta nufi unguwar Kongo, kuma shi ne ladanin masallacin layinmu a Tudun Wada. Ba shi da gona, ba shi da mota, muryarsa ce abin da aka san shi da shi. In an ɗauke wuta lasifika ta mutu, yakan hau dakali ya toshe kunne ya ɗaga murya, a jiyo shi har filin ƙwallon makarantarmu. Da kiransa mata suke sanin lokacin sauke tuwo, da shi muke barin langa mu ruga gida kafin a nemo mu da tsumagiya.

Jemagu iri biyu muka tashi muka sani. Akwai manya masu fuska kamar ta ɗan kwikwiyo, waɗanda ke rataye kai ƙasa a itatuwan Kongo, da almuru su tashi su rufe sama su nufi inda mangwaro ya nuna. Su muke harbi da danƙo muna yi musu waƙar "mai kashi ta baki", don mun ga suna tsotse ruwan ɗan itace su tofar da tuƙar. Ragowar mangwaron da suka gatsa kuwa mu muke tsincewa mu goge a riga mu ci. Sai kuma ƙanana, ba su wuce ɓera ba, masu cin sauro da ƙwari, waɗanda ke shiga ta kafar da ke tsakanin kwano da bango su kwanta a cikin rufi. Na taɓa tsintar ɗaya a bayan ɗaki da jaririnta manne a ƙirji yana shan nono. A ranar na san ba ƙwai suke yi ba. Na ɗauke ta da hannu tsirara na kai wa abokai, ban san cizonta na iya ɗauke da ciwon haukan kare ba. Allah ne kawai ya tsare.

Tun farkon rani Baba yake cewa in samo raga a shagon kafinta mu toshe kafar nan. Kullum in ce to, kullum in wuce harbi. Da kashin ya taru har silin ya fara lotsawa, sai ya ce a kwashe, ai taki ne, alayyahu da kuɓewar da Inna ke shukawa a bayan ɗaki za su ji daɗinsa.

Inna, mahaifiyata, ta shigo da ruwa a kwanon sha ta tsaya a gindin tsani.

"Malam, ko tsakar gida ba a share ta a bushe. Bari a yayyafa."

"Ruwa a kan kwali? So kike ya rufto mana a ka?"

Gaskiya ya faɗa, silin na kwali ne, kuma da guminsa ya sa shi. Ta koma da ruwanta. Muka hau. Ciki duhu ne da zafi, kwano na dukan ƙeya, jemagun sun cure a jikin katako suna wani siririn kuka. Tsintsiya na taɓa tarin, ƙura ta tashi har hasken tocila ya dusashe. Ban jima ba na ce fitsari nake ji. Na sauko, na fice ta zaure, ban dawo ba sai bayan azahar. Na tarar Baba ya cika buhuna shi kaɗai, gemunsa ya yi fari-fari da ƙura, yana kakin baƙar majina a bakin rariya. Bai tambaye ni inda na je ba.

Bayan kamar mako biyu zazzaɓi ya kama shi, tari ya biyo baya. Aka sha jiƙo, aka sha zuma da citta, aka sha maganin zazzaɓin cizon sauro. Da rama ta fara, aka ce tarin fuka ne, Inna ta ware masa kofi da cokali. Duk da haka bai bar masallaci ba. Yakan dafa bango ya fita, ya yi kiran ta lasifika a hankali, ya dawo ya kwanta. Sai da aka daɗe ana kai da kawo a asibiti wata likita ta tambaya ko ya yi aiki a wurin da kashin tsuntsu ko na jemage ya taru. Ta ce akwai wata irin funfuna da ke tsira a cikinsa, in ya bushe aka tayar da ƙurarsa takan sauka a huhu, wani ya sha da ƙyar, wani ko atishawa ba zai yi ba. Ta ce da an jiƙa, an ɗaure hanci da baki, da wataƙila ba a kai nan ba. Inna tana zaune a gefen gado, ta dubi ƙasa kawai.

Aka canza magani, zazzaɓin ya sauka, ya koma kan kekensa. Amma wata magariba aka ɗauke wuta, ya hau dakalin nan kamar yadda ya saba. Ina tsaye a bakin famfo da bokiti. Kabbarar farko ta fita, ta biyu ta tsinke a tsakiya. Ya sake ja, tari ya sarƙe shi. Mutane suka tsaya da butoci a hannu. Ya sauko a hankali, ya taɓa kafaɗar Malam Iro mai shayi, ya ce, "Ƙarasa mana." Daga ranar bai sake kiran salla ba. Shekarun da suka rage masa a sahun farko ya yi su, yana amsa kiran wani da leɓe.

Ban yi kuka ba a lokacin, ban kuma yi ba ranar da ya rasu. Alayyahun Inna ya yi kyau a daminar nan fiye da kowace shekara, muka ci shi a miya har kaka.

Yanzu an sare yawancin itatuwan, an yi shaguna a wurinsu, in almuru ta yi sama fayau take, ba jemage sai sauro. Gidan yana hannuna, an sa masa silin na roba, an toshe kowace kafa da raga. Masallacin ya samu sola, lasifika ba ta mutuwa, ladanin ma ba sai ya tashi tsaye a dakali ba. 'Ya'yana ba su taɓa jin an kira salla da maƙogwaro kaɗai ba, kuma ban iya kwatanta musu ba.