Ƙungiyar da yake sawa a ta huɗu

Ban san ƙwallo ba, har yau ma ba zan ce na sani ba. Abin da na sani shi ne ƙungiyoyi huɗu ne a rukunin da ɗana yake bi, kuma duk shekara, lokacin da zafin Guangzhou ta ƙasar Sin yake kaiwa mutum ya fito daga wanka yana gumi, kafin a buɗe kakar wasa a Amurka, yakan ce in ɗauko biro zai faɗa mini wadda za ta zo ta ɗaya da wadda za ta zo ta ƙarshe.

Ɗan farina ne, don haka ban taɓa kama sunansa ba. "Kai" nake ce masa. In zancensa nake da wani in ce "wannan yaron", ko da yake ya ba talatin baya, kuma sai ya sunkuya yake shiga lifta. Sau ɗaya na taɓa sunan, shi ma da fensir. A ajinmu na yaƙi da jahilci a Kano, ranar da malama ta ce kowacce ta rubuta sunan wani nata, sunansa na rubuta, na kare da tafin hannu kada ta kusa da ni ta gani. Na ga ai rubutu ba faɗa da baki ba ne.

Babansa ne ya kawo mu nan da ya buɗe sito na lodin kayan 'yan kasuwa. Yaron ya tashi dogo, ƙaƙƙarfa, har ya samu makaranta a Amurka saboda wasa. A can suka juya shi zuwa irin tasu ƙwallon, mai siffar gwanda, wadda ake runguma a ruga da ita. Da na tambaye shi aikinsa a ciki, ya ce, "Umma, ni katanga ne. Ina tsayawa a gaba in yi karo da ƙato irina, don na bayana ya samu ya jefa ƙwallo." Na ce da me ake karon? Ya ce da kafaɗa. Sai da na gani a waya na san har da kai ne, hular kwano tana haɗuwa da hular kwano kamar an kife tukunya a kan tukunya.

Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin nan huɗu ta ɗauke shi. Shekara biyu yana cikin waɗanda ake atisaye da su amma ba a fitowa da su ranar wasa. A ta uku, ana gab da farawa, suka sallame shi. Ya dawo mana da jaka ɗaya, ya kama ɗaure kwalaye a siton babansa.

Tun daga shekarar muka fara. Yakan yanko murfin kwali ya ba ni, ni in zauna a kan dilar atamfa, shi yana tsaye. Sunayensu na Turanci ba sa zama a bakina, sai ya raɗa musu na Hausa: masu jar riga, masu tsuntsu a hula, 'yan garin ƙanƙara, sai "mutanena", wato waɗanda suka sallame shi. Ba ya faɗa kai tsaye, sai ya kawo hujja. Waɗannan mai jefa musu ƙwallo ya tsufa, gwiwarsa ta tafi. Waɗancan sun canza koci, sai sun shekara kafin su gane maganarsa. Ni dai ina jira da biro. Ukun farko sukan canza wuri, amma mutanensa kullum su ne na huɗu.

Akwai wani ɗan Kumasi da muke raba sito da shi, dattijo mai barkwanci, shi ma lodi yake yi. Ba ya bari ta wuce shi.

"Ɗan Amurka, bana ma na huɗu? Bara fa su suka cinye rukunin, ni da kai muka kalla!"

"Sa'a ce, Baba. Umma, rubuta na huɗu. Da akwai na biyar da can zan kai su."

"Mma Hajiya, kar ki rubuta! Wannan ba hasashe ba ne, ramuwar gayya ce!"

Sai in rubuta, a manna da salatif a bango, kusa da takardun jirgin ruwa.

Ba zan iya cewa ga ranar da abin ya fara ba. Ciwon kai ne da farko, da ƙin haske. Sai ya rubuta Tema ta Ghana a jikin kayan da za su Legas, har sai da aka je tashar jiragen ruwa ta Huangpu aka sauke su. Sai ya yi azahar ya shafa, ya tashi ya sake alwala ya ce bai yi ba. Shi da bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, ya yi wa direban babbar mota tsawar da ta sa mutumin ya bar takalminsa ɗaya. Wata Juma'a ya fito daga Masallacin Huaisheng ya rasa hanyar gida, hanyar da yake bi tun yana ɗan sakandare. Babansa ya ce gajiya ce. Har yanzu in na tayar da zancen cewa yake, "Ki bar shi ya huta," sai ya jawo waya.

Ni na kai shi asibiti, da tafinta. Aka sa kansa a na'ura, aka yi masa tambayoyi. Likitan ya yi dogon bayani kan karon da ya sha. Na ce wa tafinta ya tambaye shi maganin da zai mayar da shi yadda yake. Ban jira fassara ba, domin kalmar da likitan ya faɗa na san ta. "Meyo." Ita ce masu shago suke faɗa a kasuwar Sanyuanli in ka nemi abin da babu.

Daga nan na riƙe kwalin nan kamar laya. Na ce a raina, muddin yana sa su a ta huɗu, to yana tuna abin da suka yi masa, kuma mai riƙe da haushi ai da sauran hankalinsa. Bara ya manta da 'yan garin ƙanƙara sai da na tuna masa, amma da aka zo ƙarshe ya ɗaure fuska ya ce, "Kin san wurinsu." Ranar har tuwo na tuƙa don murna.

Bana da safe ne, bayan mun karya. Ya yanko kwali da kansa, na ji daɗin hakan. Ɗan Kumasi ya jawo kujera yana shafa gemu, yana jiran abin tsokana.

"Ta ɗaya," in ji ɗana, "mutanena."

Ɗan Kumasi ya kwashe da dariya. "Allahu Akbar! An shirya ke nan? Nawa suka ba ka?"

"Bana katangarsu ta yi ƙarfi, Baba, tunda ina ciki. Jibi ake shiga sansanin atisaye. Koci ya ce in rage nauyi kaɗan."

Dattijon ya daina dariya. Ya dube ni, ya tashi ya ce bari ya duba wani kaya.

Ya jero sauran ukun, yana kawo sunayen 'yan wasan da na san tun shekarun baya ya ce mini sun daina. Na sunkuyar da kai na rubuta. Amma hannuna ya ƙi. Na sa mutanensa a ƙasa, inda na saba sa su. Tunda na koyi rubutu ban taɓa rubuta abin da ba shi aka faɗa mini ba sai ranar.

Ya karɓa ya duba, ya yi murmushi irin nasa na da. "Haba Umma, 'yar yaƙi da jahilci! Ɗaya da huɗu ma sai an koma aji? Gyara."

Na soke, na gyara. Ya manna a bango da hannunsa.

Jibin na zuwa, ina shanya a baranda da hantsi, na hango shi a ƙasa da jakar nan da ya dawo da ita, ya nufi tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Babansa yana Huangpu. Na zari mayafi na bi shi da silifas ɗin wanka. Tafiyarsa ɗaya tawa uku ce. Kafin in sauka matakala ya wuce shingen tikiti, ni kuwa ban ɗauko katin shiga ba. Ina ganin kansa sama da na kowa, yana nisa, ga ƙarar jirgi tana tahowa.

Sai na kira sunansa. Cikakke, yadda liman ya raɗa masa. Na kira da ƙarfin da ban san ina da shi ba, har wata 'yar Sin mai tura keken jariri ta waiwayo. Na sake kira. Na kira na uku. Shekara talatin da wani abu ina riƙe da sunan nan a baki, ranar na sake shi a gaban mutanen da ba su san nauyinsa ba. Bai waiwayo ba.

Ban san sa'ad da na ce, "Kai!" ba.

Ya tsaya cak. Ya juyo, ya dawo har bakin shingen, yana kallon silifas ɗina.

"Umma, me kike yi a nan? Ki koma, zan makara."

Na ce an bugo waya an ɗaga sansanin sai wani mako. Ya yi tsaki, ya ce haka suke, ba su da tsari. Ma'aikacin tashar ya buɗe masa ƙaramar ƙofa ya fito. Muna hawa matakala, yana riƙe da gwiwar hannuna kada in zame, ya ce, "Wai ɗazu wa kike ta kira haka? Na ji muryarki."

Na ce wani ne na ɗauka na sani.

Fasfonsa yanzu yana cikin robar shinkafa, a ƙasa. Jakar tana bakin ƙofa, ba ya yarda a kwance ta. Duk mako yakan tambaya ko sun bugo, in ce sun ƙara ɗagawa. An fara kakar wasan, ɗan Kumasi ya daina kunna wasan a sito, kuma ban tambayi kowa wa ke gaba ba. Kwalin yana bango, da layin da na soke.

Kunyar ta riga ta tafi, don haka wani lokaci in na ajiye masa abinci nakan faɗi sunan a hankali, in ga ko zai ɗago. Yakan ci gaba da cin abincinsa. Sai in ce "kai", ya ɗago ya ce na'am. Wannan ɗin ce ta rage mana, ita ma ban san ranar da zan faɗa ya ƙi ɗagowa ba.