Farfesun da Na Kai Paris

A jami'a a Bron, inda na karanta nazarin harsuna, na koyi cewa kalmar Ingilishi crash ba ta da wani dogon asali. Turawan da can sun kwaikwayi ƙarar abin da ya tarwatse ne kawai. Na rubuta a jarrabawa, na ci, na manta.

Mijina yana tuƙa babbar motar kaya daga Vénissieux, garin da muke zaune, zuwa Paris. Wata rana da hantsi, Alhajin da yake babba ga mutanenmu na Damagaram a Paris ya kira ni. Sai da ya tambayi gajiya da sanyi, sannan ya ce, "Ɗiyata, maigidanki ya yi ɗan aksidan, amma da sauƙi. Ki taho a hankali."

Na san al'adarmu sarai. Ba a faɗa wa mace mutuwa a waya tana ita kaɗai. Amma na riƙe "da sauƙi" ɗin nan gam, na ɗora farfesun kaza, don ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Na zuba yaji sosai.

Maƙwabciyata a unguwarmu ta Minguettes, 'yar Jos ce mai aikin jinya, ta shigo da waya a hannu. Ta ce, "Sista, na gani a labarai, crash ne fa babba a hanyar Paris."

Na ji haushinta har cikin raina. Kalmar ba ta bar mini inda zan raɓe ba. Na ce Alhaji ya ce da sauƙi. Ta dubi tukunya, ta taya ni juyewa a kula.

A jirgin ƙasa na rungume kular a cinya don kada ta huce. Hajiya, matar Alhaji, ta tarbe ni a tasha. Na tambayi wane asibiti, ta ce mu fara biyawa gida tukuna. A ƙofar gidan na ga takalma jibge, na maza da na mata. Ban ƙara tambaya ba.

Tun ranar, duk wanda ya ce mini da sauƙi, ko a ciwon kai ne, ba na yarda.

Farfesun, 'yan zaman makoki aka zuba wa. Ina ji wata tana cewa yaji ya yi yawa. Haka mijina yake so.