Ciyaman ɗin da ya sa na buga takardar canjina da hannuna

Da safen nan labari ya iso ni: Alhaji Ba Mala ya rasu.

Fanna ce ta kira ni, wadda muka yi zaman ofis ɗaya da ita a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ina tsaye a kicin. Na ce mata wane Ba Mala? Ta ce Rifkatu, Ba Mala nawa kika sani? Tsohon ciyaman ɗinmu. Wai bayan sallar asuba ya ce kansa na ciwo, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Tun ɗazu nake rubutu ina gogewa. Ban san da wane baki zan yi maganarsa ba, domin da yawanku da ke karanta wannan kun sha jin abin da nake faɗa a kansa, kuma ba alheri ba ne.

A da ni mai buga takardu ce a ofishin ciyaman. Na ga ciyamomi iri-iri. Akwai zaɓaɓɓe da muke ganinsa sau ɗaya a wata. Akwai wanda ranar da ya kama aiki ya sa aka canza kujera da labule, kafin labulen ya yi datti an cire shi. Akwai wanda har ya tafi Rahila yake kirana. Da rikici ya yi tsanani aka daina zaɓe gaba ɗaya, sai dai a naɗa na riƙo, ya yi 'yan watanni, a kawo wani. Har muka daina wahalar rataya hotunansu a bango.

A wannan layin Ba Mala ya zo. Tsohon hedimasta ne daga Abbaganaram, ba mu ma san shi da siyasa ba.

Lokacin ne garuruwa suka yi ta faɗawa hannun mutanen daji. Ciyamomin can suka gudo Maiduguri da hatiminsu a aljihu, ba su da ko teburi. Ba Mala ya buɗe musu ɗakin taronmu, ya ce su zauna har Allah ya mayar da su gida. Sai ka ga tsoho ya shigo da ƙafa a kumbure ya ce yana neman ciyaman, in ce masa wanne, Baba? Muna da uku a ginin nan.

Ƙarfe uku na yi zai leƙo ya ce, "Mata ku tashi, kada dokar hana fita ta kama ku a hanya." Shi sai kowa ya watse yake fita.

Da aka shiga ƙauyenmu a kudancin jiha, an yanke netwok, kwana tara ban san ko mahaifiyata na raye ba. Kullum sai ya tura direbansa tasha da sansanonin 'yan gudun hijira da hotonta. Ranar da aka same ta, shi da kansa ya shigo ya faɗa mini. Ya ce, "'Yata, rufe kwamfutar nan, je ki ga Mama. Tana makarantar Ajilari, ƙafarta ce kawai ta ji rauni."

Wannan mutumin ne, bayan wata biyu, ya aiko mini da rubutun hannunsa ranar wata Litinin ya ce in buga.

Na kai layi na uku kafin na gane takardar canjin wurin aiki ce, kuma sunana ne a kai. An mayar da ni ɗakin ajiyar fayil na wani ƙaramin asibiti a Hausari, daga ranar.

Na shiga wurinsa da takardar. Na ce, "Ranka ya daɗe, laifin me na yi?"

Bai ɗago ba. Ya sa hannu ya ce, "Ba ki yi laifi ba. Ki tafi yau."

Washegari aka zaunar da wani namiji a kujerata, Musulmi, ɗan'uwan wani kansila. Ni kuwa na haɗa lissafina: an matsa masa a kan Kirista na riƙe da sirrin ofis, shi kuma ya ba da ni. Haka na faɗa wa mijina Ayuba. Haka na faɗa a zumuntar mata a coci. Na taɓa rubuta shi a shafin nan ma, ban kama suna ba amma kowa ya gane.

Ba a yi wata ɗaya ba shi ma aka sauke shi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Shekara shida ban gaishe shi ba. Na taɓa hango shi a wurin wani ɗaurin aure na sauya hanya.

Sati biyu da suka wuce na tare keke napep daga Hausari. Ina shiga na ga wani dattijo a gefe da ledar magani a cinya. Shi ne. Ya rame sosai. Tsohon ciyaman a keke, ba direba, ba kowa.

Ba yadda zan yi, na ce ina wuni.

Ya ce, "Rifkatu. Har yanzu kina fushi?"



Ya rage murya saboda mai keken. Ya ce, "Ranar Litinin ɗin da na canza miki wurin aiki, na tarar da takarda an turo ta ƙarƙashin ƙofar ofishina. Sunaye uku. Nawa, na direbana, da naki. An rubuta unguwarku da launin ƙofar gidanku."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa mini?"

Ya ce, "Mama ba ta daɗe da tsira ba. In na faɗa miki, ina za ki kai ta? Na ga gara ki tsane ni ki ci gaba da zuwa aiki a inda ba wanda ya damu da ke."

Sai ya ƙara wata maganar da ita ce ta hana ni sukuni. Ya ce, "Amma har yau ban sani ba ko daga daji takardar ta fito, ko daga cikin ofishinmu, wani mai son kujerarki. In na biyun ne, to an yi amfani da ni an cuce ki. Ina ta tunanin abin."

Muka iso mahaɗar Abbaganaram ya ce a tsaya. Ya sauka da ƙyar. Ya ce in zo gida mu ƙarasa maganar, Hajja Yagana matarsa za ta so ganina.

Abin da na iya cewa kawai shi ne to.

Ban je ba. Asabar ta farko na ce sai na nutsu. Ta biyu aka yi baƙi.

Ɗazu na tambayi Fanna ko ta taɓa jin zancen takardar. Ta ce ko kusa. Direban ya bar garin tun wancan lokacin, ba wanda ke da lambarsa. Na kira Hajja Yagana in yi mata gaisuwa, cikin kuka na tambaye ta. Ta ce bai taɓa faɗa mata ba, abin da ta sani kawai, a watannin da abin ya faru kullum masallaci daban yake zuwa sallah, in ta tambaya sai ya ce yana son ganin jama'a.

To ga ni nan. Ban sani ba ko raina ya ceta, ko wani ne ya yi mana wayo mu biyun. Shi ma ya tafi bai sani ba. Abin da na tabbata shi ne dalilin da na yi ta yaɗawa shekara shida ba shi ba ne, kuma ban taɓa komawa na sake tambayarsa ba.

Duk wanda ya ji wata magana a kansa daga bakina, a coci ko a ofis ko a nan, na janye ta. Don Allah ku janye ta daga inda kuka kai ta.

Za a yi jana'iza bayan azahar a ƙofar gidansa. Ayuba zai tsaya tare da maza, ni zan shiga wurin Hajja.

Allah ya jiƙan Alhaji Ba Mala, ya yafe masa kurakuransa, ya sa ya huta. Allah ya ba Hajja Yagana da 'ya'yansa haƙuri, ya dawo mana da zaman lafiya a garin nan.

Musulmi da Kirista, kowa ya yi masa addu'a yadda ya iya. In kun gama tasa, ku roƙa mini gafarar Allah ni ma, tunda tasa ban je na nema ba.